Yadda Na Koyi Kallon Dattijo Cikin Ido

Wari ne ya fara tarbata a garin, tun kafin jirgin ƙasa ya gama tsayawa. Ni kuwa ba baƙon wari ba ne. Tun ina saurayi nake bin mahautan Tsafe da na Gusau ina sayen fatar jar akuya. Na san warin ɗanyar fata, na san na wadda ta kwana, na san na majema. Amma a wannan ƙaramin gari na kudancin Faransa, kogin da ya ratsa shi ma yau ja ne, gobe baƙi, gwargwadon abin da masu jima suka zuba masa. Na ce a raina, to, ko ba komai na zo inda aka san sana'ata.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Bayan babban farin nan ne, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa a daji, fatun mushe suka cika kasuwa. Ni ban taɓa sayen mushe ba. Fatar da ban san mahaucin da ya yanka ba, ba ta shiga sitona. Da haka na yi suna, har wani mai majema a Faransa, Tsoho Anri, ya daɗe yana karɓar kayana ta hannun Ilu. Ilu ɗan Bungudu ne, amma a Maraɗi ya tashi wurin kawunsa, can ya sami Faransanci. Shi ke raka kayana har tashar jiragen ruwa a Ikko, shi ke zuwa Faransa duk shekara. Shi ne bakina, shi ne kunnena. Rana ɗaya ya zo mini da labarin cewa Bature ya ce kayana sun ruɓe a ruwan jima, mushe ne, ba ya son ya ƙara jin sunana. Wai amma Ilu ya roƙe shi, zai ci gaba da saye in dai da sunan Ilu ne, ni in koma mai tara masa. Na ce ya kai ni in ga Baturen. Ya yarda da sauri, don ya san ko na gan shi ba ni da bakin yi masa magana.

Ilu ya ajiye ni a wani ɗaki can saman wani tsohon gida da leburorin majema ke haya, shi kuma ya tafi masaukinsa da ban taɓa gani ba. Sanyin ɗakin nan har cikin haƙora. Burodi da kifin gwangwani na yi ta ci, don ban san yankan garin ba. Da na rufe ido sai in ga tuwon dawa da miyar kuka na gidanmu, in buɗe in ga gwangwani.

Ranar da muka je majema, na sa babbar rigata. Tsoho Anri dattijo ne, gajere, farin gashi har a gira, sa'an mahaifina. Na yi masa abin da ake wa dattijo. Na rusuna, na sunkuyar da kai, na kafa idona a kan takalminsa, na yi bayani a natse. Na ce kowace fata tawa ina yi mata 'yar tsaga da aska a gindin wutsiya, a duba waɗanda suka ruɓe a gani ko akwai tsagar. Na yi magana mai tsawo. Ilu ya juya ta cikin numfashi ɗaya. Tsohon ya yi wani huci ta hanci, ya juya ya shige ciki.

"Mi ya ce?" na tambayi Ilu.

"Ya ce ya ji."

"Duk maganar da na yi, abin da ka gaya masa ke nan?"

"Malam Mamman, harshensu gajere ne. Ba kamar namu ba. Ka koma gida, sanyi zai kashe ka a banza."

Na ce ba inda za ni. Akwai sauran kayana da suka maƙale a Ikko saboda cunkoson jirage, zan zauna har su iso a kwance su a gabana. Ya ce watanni ne fa. Na ce ko shekara ce. Ya ɗaga kafaɗa kamar yadda ya ga Turawa na yi, ya hau jirgi ya tafi babban birninsu wajen harkokinsa, ya bar ni a garin da ko ruwa ban iya roƙa ba.

Wanda ya cece ni wani tsohon lebura ne ɗan Aljeriya, Ammi Sa'id, da ɗakinsa ke kallon nawa. Ya ji ina kiran salla a hankali, ya ƙwanƙwasa, muka yi tare. Larabcinsa ba na allo ba ne, nawa kuwa na allo ne kawai, amma mun lallaɓa. Shi ya nuna mini mahaucin Musulmi. Shi ya ba ni wata tsohuwar rigar sanyi mai warin taba. Wata Asabar da la'asar ya kama hannun rigata ya ja ni har wani zaure a bayan ofishin gari, inda ake koya wa baƙin leburori Faransanci kyauta. Ya nuna bakinsa, ya nuna nawa, ya tura ni ciki.

Malamar sunanta Madam Odil. Tsohuwa ce siririya, da can zane take koyarwa a makaranta kafin ta yi ritaya. Ba ta da littafi. Abin da take da shi madubi ne ƙarami da majigi mai haska hotuna a bango.

Madubin nan shi ya fara tayar mini da hankali. Akwai wani sauti a harshensu da ba ya fita sai ka tsuke leɓe ka turo su gaba. Wato dai sai ka zumɓura baki. A gidanmu yarinyar da aka aika ta ƙi zuwa ce ke yin haka, kuma kafin ta mayar da bakin ta sha mari. Ni magidanci, mai mata da 'ya'ya, mai sito a Gusau, aka ba ni madubi aka ce in zumɓura wa tsohuwa baki. Na ƙi. Na fitar da sautin yadda na ga dama. 'Yan ajin, mutanen Fotugal da na Maroko, suka fashe da dariya. Akwai kuma wani sautin da ake kakaro shi daga maƙogwaro kamar ƙashin kifi ya maƙale wa mutum. Na ce a raina, mutanen da suka ƙera jirgin sama sun kasa ƙera wa kansu harshen da za a yi shi da mutunci.

Sai kuma kalmarta ta kullum. Za ta tsaya a gabana, ta buga fensir a tebur, ta nuna idonta da bakinta, ta ce, "Dube ni." Kalmar Faransanci ta farko da ta zauna mini ke nan, don na ji ta fiye da sunana. Ni kuwa ina zan zuba wa matar da a haife ta haife ni ido, balle in leƙa cikin bakinta? Takalminta nake kallo. Har yau zan iya gaya maka fatar akuya ce, jima mai kyau, amma ɗinkin na ha'inci ne.

Rabin kowane darasi na majigi ne. Ta kashe fitila, ta haska wani tsohon zane a bango, ta gaya mana zamanin da aka yi shi da sarkin da ke mulki lokacin, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, "Me ka gani?" Dole ka faɗi wani abu. Ranar da ta haska mata tsirara suna wanka, na ɗauki kujerata na juya wa bangon baya. Ta ce me na gani. Na ce, "Ƙofa." Ta ce to in kwatanta ƙofar. Na kwatanta, ja ce, tsohuwa ce, tana da mabuɗi. Ta ce na ci. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Raina a ɓace yake kullum. Kayana na can suna cin gishirin teku, sunana na ruɓewa a bakin Bature, ni ina nan ina koyon yadda ake cewa gajimare da farin doki da matar sarki.

Sanyi ya yi tsanani ya fara sauƙi. Kunnena ya fara buɗewa, na fara sayen burodi da baki maimakon da yatsa. A lokacin ne ta haska wani zane da na miƙe tsaye ban sani ba. Bijimin sa ne aka yanka aka feɗe, aka rataye shi ta ƙafafun baya a wani ɗaki mai duhu. 'Yan aji suka kawar da kai. Ni na matsa har inuwata ta rufe rabin bango.

"Mamman, me ka gani?"

Na ce, "Aiki mai kyau." Na nuna wuyan, na ja yatsa a nawa wuyan, na ce, "Wannan, yaya ake cewa?" Ta faɗa. Na nuna inda jini ya tsiyaye, ta faɗa. Na nuna jijiyar hannuna, ta faɗa. Na tambayi wuƙa, na tambayi wutsiya, na tambayi tsaga. Na ce, "Dabba, ba a yanka ba, ta mutu da kanta, yaya ake cewa?"

Ta kunna fitila ta dube ni ta saman tabarau. Tsohuwar ba wawiya ba ce.

"Wannan ba ya cikin zanen," in ji ta. "Kai ba zane kake kallo ba. Sayayya kake yi a ajina."

Na ce, "E, Madam."

"To, a nan ba a ɗauka kyauta. Kowace kalma ta fata da kake so, sai ka dubi bakina ka faɗe ta daidai. Kuma ba ka ƙara juya mini kujera."

Na ce banda masu wanka. Ta ce banda masu wanka. Ciniki ya faɗa. Ban taɓa yin ciniki da wanda ya matse ni kamar tsohuwar nan ba, kuma na yi da Fulanin dajin Tsafe. Daga ranar na fara ɗaga kai zuwa haɓarta, daga nan zuwa bakinta. A ɗaki nakan rufe ƙofa in zumɓura wa taga baki, ina jin kunyar kaina.

Zanen da ya hana ni cin abinci daga baya ya zo. Wani saurayi ne mai kyawawan tufafi ya miƙa wa wata tsohuwa hannu tana duba masa, wasu mata sun kewaye shi, ɗaya na zare masa sarƙa a hankali. A nan muka koyi kalmar ɓarawo. Madam ta ce, "Ko ba ku ga hannuwansu ba, ta yaya za ku gane marasa gaskiya a nan?" Wani ɗan Fotugal ya ce ta ido. Ta tafa masa. Ta ce mai zanen ya san aikinsa, dubi yadda ba wadda ta dubi saurayin kai tsaye. Mai gaskiya yana duban mutum cikin ido. Wanda ke kallon gefe ko ƙasa yana ɓoye wani abu.

Na ɗaga hannu. Na ce, "A'a."

"Me ne a'a?"

"A garinmu, yaro mai tarbiyya, ido ƙasa. Ɓarawo, ido tsaye, ba kunya."

"A garinku ke nan. A nan, in mutum ya zo sayar mini da abu yana kallon takalmina, ba na saye."

"Ko dattijo ne kake girmamawa?"

"Musamman dattijo," in ji ta. "Zai ce ka raina masa hankali."

Na tuna takalmin Tsoho Anri, baƙi mai igiya, da ɗigon ruwan jima a hancinsa. Na ba mutumin nan mafi tsadar abin da iyayena suka koya mini, shi kuma ya karɓe shi a matsayin shaidar sata. Ilu kuwa yana tsaye a gefena, ya san nasu, ya san namu, bai ce mini ɗaga kanka ba. Ban san wanda na fi jin haushi ba, Ilu, ko tsohon, ko ƙasar da sai ka yi rashin kunya ake yarda da kai.

Da kayana suka iso, Ilu ya dawo da sabuwar kwat. Ya same ni a ɗaki, ya ce, "Har yanzu kana nan? Ka rame, Malam Mamman. Mi kake yi duk tsawon lokacin nan?"

Na ce, "Salla da barci."

Ammi Sa'id da ke bakin ƙofa ya yi tari ya shige ɗakinsa.

A babban ɗakin ajiyar majema aka jibge kayan. Leburori suka yanke igiyoyi. Tun daga nesa na ga abin da na zata. Alamar da ke jikin buhunan tawa ce, amma ɗaurin ba nawa ba ne, an kwance an sake. Tsoho Anri ya zo da hannu a aljihu. Na rusuna na gaishe shi da Hausa, na sunkuyar da kai kamar wancan karon. Da gangan na yi. Ina so in ji da kunnena.

Ilu ya yi magana da murmushi, muryarsa a sake, kamar mai yabon wani. Ban kama duka ba, suna da sauri. Amma na kama kalmar Madam ta kullum, dube shi. Na kama ido. Na kama ƙasa. Sannan na kama kalmar da muka koya a zanen saurayi da sarƙa.

Na ɗaga kaina.

Wallahi ya fi ɗaukar buhun gyaɗa nauyi. Wuyana ya ƙi, kamar hannun mahaifina na danne shi. Na wuce igiyar takalmi, na wuce maɓallan riga, na wuce haɓa, na sa idona cikin nasa. Shuɗi ne, mai ruwa-ruwa. Ban taɓa sanin launin idon wani dattijo ba sai ranar.

Na ce da Faransanci, "Ni ba ɓarawo ba ne."

Ilu ya yi wani ƙara kamar an taka shi. Ban dube shi ba. Na jawo fata ɗaya, na ɗaga ta wajen hasken taga. "Wannan, an yanka. Jini ya fita. Fari, tsaf. Dubi wutsiya, tsaga. Tawa." Na jefar, na jawo wata daga tsakiyar ɗaurin. "Wannan ta mutu da kanta. Jini ya tsaya. Dubi jijiya, baƙi. Dubi wutsiya, ba tsaga. Ba tawa ba." Na ci gaba ina jawowa ina rabawa, nawa dama, na wani hagu. Faransancina kamar na yaro mai koyon magana, leburori na murmushi, ban damu ba. A ƙarshe na tsaya gabansa na tambaye shi ko ya gani. Kalmar gani a harshensu tana cikin masu buƙatar wancan sautin. Na tsuke leɓe, na zumɓura wa sa'an ubana baki, idona cikin nasa, na faɗe ta daidai yadda Madam ke so.

Ilu ya matso ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Mamman, don Allah. Mu 'yan gida ne. Kar ka tona mini asiri gaban Nasara."

Na ce, "Gaban wa ka kira ni ɓarawo? Gaban limamin Bungudu?"

Tsoho Anri ya durƙusa da ƙyar, ya bi fatun da kansa, yana juya wutsiya bayan wutsiya. Ya daɗe. Da ya miƙe ya yi wa Ilu magana da sauri, ban kama ko rabi ba, amma na ga Ilu ya kafa ido a takalmin tsohon, ya ɗauki hularsa ya fita. Sannan tsohon ya juyo gare ni, ya yi magana a hankali don in gane. Zai karɓi na dama. Daga yau da sunana, ba ta hannun kowa ba. Sai ya ƙara da cewa, "Me ya sa ba ka dube ni ba tun farko?"

Tambayar nan ta fi zagin Ilu ƙona mini rai. Na ce, "A garinmu, kai uba ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "A nan ni mai saye ne."

Bai ce in yi haƙuri ba. Sanyin da na sha, sunana da ya yarda aka ɓata ba tare da ya juya wutsiya ɗaya ba, duk bai ga abin neman gafara a ciki ba. Ya miƙo hannu, na karɓa, don abin da na zo nema ke nan. Mun yi shekaru muna ciniki bayan haka, bai taɓa cutata ba, ni kuma ban taɓa ƙaunarsa ba.

Kafin in taso na kai wa Madam Odil fata ɗaya mafi kyau, na ce ta nemi mai ɗinkin kirki, na takalminta macuci ne. Ta ce ashe abin da nake karantawa ke nan a ƙasa. Ammi Sa'id ya ƙi karɓar rigar sanyinsa, ya ce wata rana wani baƙo zai zo mini.

Na sauka Gusau, washegari na wuce Tsafe gaida mahaifina. Na same shi a zaure a kan buzunsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na fara gaisuwa, ina ba shi labarin an mayar mini da sunana, mahauta su kwantar da hankali. Sai na ga ya daina jan tazbaha.

"Mamman."

"Na'am, Baba."

"Mi kaka nema a fuskata?"

Sai a lokacin na gane idona na cikin nasa, tun shigowata. Ƙannena na zaune a zauren suna kallonmu.

"Wanga shi ne abin da ka je koyowa?" ya ce. "In sun gama da kai, ka aiko mini ɗana."

Na sunkuyar da kai. Ban yi masa bayani ba, don ba bayanin da zai shiga. Ya ɗauke ni lokaci kafin wuyana ya koma yadda aka haife shi, kuma har Baba ya rasu, in na shiga zauren sai na tuna wa kaina inda zan ajiye ido, abin da da can ba sai na tuna ba. Mushen da Ilu ya cusa mini na bar shi da Allah. Wannan da ya jawo mini a gaban Baba ne ban yafe ba.

Ilu yana nan da ransa, yana dillancin hatsi. Duk ranar da na bi ta kasuwar Bungudu sai na gan shi, ya taso da fara'a yana Malam Mamman, an kwana biyu. Nakan amsa masa gaisuwa cikakkiya, in tambayi iyali, in tambayi kasuwa. Amma shi kaɗai a duk ƙasar nan nake wa kallon Faransa, kuma ba na ɗauke ido sai ya sunkuyar da nasa.